Yadda Sodangi Ya Sa wa Ƙasusuwa Nama

A Unguwar Dargaza, can bayan Tamawa a ƙasar Kurfi, an yi wani mutum ana ce masa Sodangi. Lokacin saura shekara uku a sami mulkin kai. Sodangi ya taɓa yin gadi wata bakwai a ƙofar wani kanti a Kaduna, ya kuma zauna ajin yaƙi da jahilci har ya iya haɗa baƙi. Abin da ya dawo da shi gida shi ne wani tsohon kwat mai maɓalli ɗaya, da ɗan littafin kalmomin Turanci wanda gara ta cinye ƙarshensa, sai kuma baki. Bakin ya fi komai yawa. In ya zauna gindin tsamiya ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, sai ka ji yana cewa, “Ni da Turawa zaman gida ɗaya muka yi. Bature ko tari ya yi na san abin da yake nufi.” Ko akuya ce ta shiga masa gida, da Turanci yake korarta.

Damuwar unguwar ita ce ruwa. Kowace shekara kafin bazara ta kama, rijiyarsu ɗaya tilo ta ƙafe, sai mata su ɗauki tuluna su nufi wani rafi mai nisa, su tona yashi, su jira ruwa ya tsattsafo. Ruwan kuwa ja ne, kuma kowace shekara sai kurkunu ya kwantar da mutane.

Ana nan sai labari ya zo cewa Baturen da ke kula da haƙa rijiyoyin siminti ya sauka Dutsin-Ma, duk ƙauyen da ke so ya aika da takarda. Mai unguwa Alu, wani tsoho mai sanyin hali, ya tara magidanta ya ce a je Kurfi a nemi malamin makaranta ya rubuta musu da Hausa.

Sodangi ya zabura. “Ranka shi daɗe, ina raye a garin nan a ɗauki takarda a kai Kurfi? Kuma da Hausa? Ai takardar Hausa, in ƙafar teburin Bature ta gajarta, ita yake naɗewa ya tokare. Ku bar mini. Da Turanci zan rubuta, ya karanta ya miƙe tsaye.”

Gwaggo Kande, ƙanwar mahaifinsa, tana wucewa da tulu a ka ta ji. Ta tsaya ta ce, “To in za ka rubuta, ka gaya masa nisan da muke yi, da ƙafafun mutane da suka kumbura, da...”

“Gwaggo,” Sodangi ya katse ta, “Bature ba ya son surutu. In magana ta wuce layi biyu barci yake yi.”

Kwana uku ya yi yana rubutu, yana lasar fensir, yana korar kowa daga ƙofar ɗakinsa. Ran na huɗu ya sa kwat ya zo gaban jama’a, ya gyara murya ya karanta: “Sa. Wi want wel. No wata. Finish.”

Mutane suka tsaya jiran saura.

“Shi ke nan?” in ji mai unguwa.

“Na ma tsawaita, ranka shi daɗe.”

Aka aika da ita haka. Bayan mako guda masinjan Bature ya iso a kan keke ya dawo da takardar. Ya ce Bature zai zo Kurfi ran kasuwa nan da kwana goma sha biyar, yana son mai unguwa ya zo da mutanensa da wannan takarda. Aka kawo masa ruwa, ya leƙa ƙwaryar, ya ce azumi yake yi, ya hau kekensa ya koma.

A ƙasan rubutun Sodangi an yi layi ɗaya da jan alƙalami: “Bare bones. Put some flesh on them.”

Jama’a suka zuba masa ido. Sodangi ya duba layin daga hagu, ya duba daga dama, bai ga kalmar da ya sani ba ko ɗaya. Sai ya ce, “Wanga Turancin manya ne, ba a buɗe shi cikin hayaniya.” Ya zagaya bayan rumbu ya tsuguna, ya zaro littafinsa. Kalma ta farko, tsirara. Ta biyu, ƙasusuwa. Ta uku, sa. Ya tsallake ta huɗu da ta ƙarshe, don gara ta riga shi karanta su. Ta biyar kuwa, nama ko tsoka.

Ƙasusuwa tsirara. A sa nama. To ƙasusuwan wa? Yana cikin wannan tunani ya ɗaga kai, sai ga Ilu mai tufkar igiya zaune a tsallaken danga ba riga, haƙarƙarinsa a jere kamar tsani. Nan take Turanci ya buɗe wa Sodangi.

Ya dawo yana girgiza kai. “Jama’a, an gan mu. Bature ya ce mutanen Unguwar Dargaza ƙasusuwa ne tsirara. Ya ce a sa musu nama. In ba mu yi ƙiba ba kafin ran kasuwar Kurfi, babu rijiya.”

“La ilaha illallahu! Ina ya gan mu?”

“Madubin hangen nesa gare shi. In ya hau dutsen Dutsin-Ma, haƙarƙarin Ilu ɗai-ɗai yake ƙirgawa.”

Ilu ya jawo rigarsa ya rufe ƙirji.

Mai unguwa ya ce, “Amma Sodangi, mi ya haɗa rijiya da ƙiba?”

“Ranka shi daɗe, rijiyar siminti zurfi gare ta, gugarta kuma nauyi. Ramamme in ya ja guga, gugar ce za ta ja shi. Bature ba ya son a ce ya haƙa wa mutane kabari.”

Wannan magana ta shiga kunnen mutane. Sodangi da ya ga an gyaɗa kai sai ya ƙara faɗi. Ya ce ba sai kowa ya yi ƙiba ba, a zaɓi magidanta goma waɗanda za a nuna, a yi musu kiwon turke kamar ragon layya. A kafa musu rumfa a ƙofar mai unguwa, kada su ɗauki ko tsinke, kowane gida ya riƙa kawo abinci. Bai rufe baki ba wani ƙato mai suna Hudu, wanda dama ba a taɓa ganin ƙasan akushi ya tsira a gabansa ba, ya ce shi ya ba da kansa saboda gari. Aka sa Ilu dole, tunda shi ya jawo, mai unguwa ma ya shiga cikin goman. Sodangi ya zama na goma sha ɗaya, wai shi ne mai duba aiki, kuma mai duba aiki ba ya barin a ci abin da bai ɗanɗana ba.

Kwana ukun farko rumfar nan kamar gidan biki. Fura da nono daga ruga, tuwo da man shanu, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ɗanwake. Kowace safiya Sodangi ya jera su ya zagaya cikin kowa da igiya, ya ƙulla alama. Ran na huɗu ya ga alamar ba ta motsa ba, sai ya tuna cewa masu kiwon rago kanwa suke ba shi don ya buɗe ciki. Ya sa aka dama kunu, ya zuba kanwa da hannu biyu, ya ce kowa ya shanye ƙwarya guda.

Ciki kuwa ya buɗe. Kafin azahar rumfa ta zama wayam, sai dattawa kake gani da buta suna tsere zuwa bayan gari, wani na dawowa wani na tafiya, ba mai amsa sallamar wani. Kwana biyu ana haka.

Da aka zo awo, Ilu ya dubi igiyar ya ce, “Malam Sodangi, igiyar nan shekaranjiya sau ɗaya ta zagaye ni. Yau sau ɗaya da rabi.”

“Alama ce mai kyau,” in ji Sodangi. “Tsohon nama ne ke fita don ya ba sabo wuri.”

“To gaya wa sabon ya yi sauri, kada ya zo ya tarar ba kowa.”

A cikin gida kuma wata wutar ce. Matarsa Mairo ta tare shi a bakin ƙofa, hannu a ƙugu. “Malam, kajina huɗu sun shiga Turanci ba su fito ba. Zakaran nan da ya rage, in ka taɓa shi, ni da kai sai gaban alƙali.”

“Mairo, aikin gari ne.”

“Garin ne ke da kumatun nan da ke sheƙi?”

Matan unguwa su ma suka gaji. Da sau ɗaya suke zuwa rafi, yanzu sau biyu, don masu kiwo ƙishirwa ta yi musu yawa. Sharar gona ta tsaya, ga gajimare ya fara leƙowa daga gabas. Ranar da Sodangi ya ce a buɗe rumbun iri, sai ya tarar da Gwaggo Kande zaune a gindinsa da taɓarya a cinya.

“Gwaggo, umarnin Bature ne.”

“To shi ya zo ya ɗiba. Kai kuwa matso kusa in sa wa ƙashin kanka nama.”

Bai matsa ba.

Ran kwana goma sha uku aka yi awon ƙarshe. Cikin mutum goma sha ɗaya, Hudu kaɗai ya ƙaru, shi kuwa har ya karya gadon karan mai unguwa. Sauran wasu suna nan yadda suke, wasu sun koma baya. Mai unguwa ya dubi Sodangi, jama’a suka dube shi. Amma bakin nan bai taɓa barinsa a hanya ba.

“Ku kwantar da hankalinku. Bature da ido yake awo, ba ya taɓa mutum. Abin da abinci bai yi ba, riga za ta yi.”

Aka bi gida-gida aka kwashe audugar da mata suka tanada don kaɗi, aka farke matasan kai aka zazzage rimi. Duk wannan mutum huɗu ya isa, mai unguwa da dattawa uku. Mutum uku aka cusa musu ƙaiƙayin gero. Ilu da wani aka naɗa musu harawa, aka ɗaure da igiyar da Ilu ya tufka da hannunsa. Sodangi ya zaɓar wa kansa dusa, ya ɗura a ’yan buhuna uku, ɗaya a ciki biyu a baya, ya ce ita ta fi kama da tsoka don tana rawa in mutum na tafiya. Hudu aka bar shi yadda Allah ya yi shi.

Da safiyar ranar kasuwa suka fito cikin manyan riguna, suna tafiya ƙafa a buɗe. Gwaggo Kande ta kewaye su tana kallo. Ta ce, “Jikin giwa, kan ƙadangare. Fuskokin fa?”

Sodangi ya duba, ya ga gaskiyarta, amma bai nuna ba. “Na riga na shirya wannan.” Ya sa aka kawo ƙodagon goruba, kowa ya cusa biyu a kumatu, ɗaya dama ɗaya hagu. Mai unguwa ya yi ƙoƙarin magana, abin da ya fito bai fi kukan tantabara ba.

“Ba sai kun yi magana ba,” in ji Sodangi. “Ni ne bakinku.”

An so a hau jakuna, amma jakin farko da aka jawo wa Ilu ya juyo ya kama gefen rigarsa ya fara ci. Dole aka taka da ƙafa. Mata kuwa suka ce ba za a yi wannan ba su ba, suka biyo baya, Gwaggo Kande da tulunta a ka.

Rana ta ɗaga. Masu auduga suka jiƙe sharkaf, audugar ta sha gumi ta yi nauyi, cikin mai unguwa ya fara gangarowa zuwa gwiwa. Masu ƙaiƙayi kuwa tun kafin a wuce Tamawa suka fara motsa kafaɗa. Da aka ƙara gaba, duk bishiyar da aka wuce sai sun goga baya a jikinta. Sodangi yana gaba yana maimaita jawabinsa, bai san buhun baya ya huje ba, dusa na zuba tana bin sa kamar zare.

Suka shiga Kurfi kasuwa ta cika. An ajiye wa Bature tebur a inuwar wata ɗorawa, akawunsa Malam Dalhatu na zaune a gefe da takardu. Baturen nan dogo ne siriri, gwiwoyinsa a waje cikin gajeren wando, har mutanen ƙasar sun sa masa suna Tsinke.

Gwaggo Kande ta tsaya cak. “Wanga ne ya ce mu ƙasusuwa ne?”

“Gwaggo, rufa mana asiri.”

“Ai shi ya kamata a ba kunun kanwar.”

Hanyar zuwa ɗorawar ta tsakiyar kara ta ratsa, inda ake sayar da tumaki da awaki, kuma bazara ce, dabbobi sun kwana biyu ba su ga ɗanyen abu ba. Ƙanshin harawa da dusa ya bugi hancinsu. Kunnuwa suka miƙe. Sodangi bai lura ba, don idonsa na kan tebur. Ya jera mutanensa, ya tako gaba, ya ƙame ya sara.

“Gud moni, sa! Bons finish! Filesh kom!”

Ya daki tumbinsa don a gani. Dusa ta tashi fuu ta wuyan kwat ta rufe masa fuska. Ya yi atishawa, ya sake, ya sake.

Mai unguwa ya ga ya kamata ya gaida baƙo. Ya durƙusa, igiyar da ta riƙe audugar ta tsinke, tumbinsa ya faɗo tsakanin ƙafafunsa tim. Ya buɗe baki zai yi salati, ƙodago biyu suka fito, ɗaya ya gangara ya tsaya a takalmin Bature.

Daidai nan wani ƙaton rago ya tsinke igiyarsa. Sauran suka bi. Awaki suka yi wa Ilu zobe, wata ta ja ta hannun riga, wata ta wuya, wata ta shige ƙarƙashi gaba ɗaya. Jama’a na kallo Ilu na raguwa, yana raguwa, har ya koma Ilun da aka sani, riga na lilo a jikinsa. Masu ƙaiƙayi da suka ga asiri ya riga ya tonu, suka tuɓe riguna suka kwanta suna birgima a ƙasa suna susa, ɗayansu na roƙon a taimake shi da marfin tukunya. Shi kuwa babban ragon zaren dusa ya bi, ya bi, har ya iso inda ta fito. Ya ja da baya, ya sunkuyar da kai.

“Malam, bayanka!” in ji Mairo.

Sodangi ya juya, ya ga ƙaho, ya zuba da gudu. Sau uku suka zagaya ɗorawar, shi a gaba, rago a baya, masu tumaki a bayan rago suna ihu. A zagaye na huɗu ragon ya same shi. Buhuna biyu suka fashe lokaci ɗaya, Sodangi ya tashi sama ya sauko a gaban tebur, fari fat, maɓallin kwat ɗin ya yi nasa wuri. Kasuwa ta watse da dariya. Masu nono sun ajiye ƙwarya, mahauta sun bar nama, wani makaɗi ma har ya fara gwada kiɗa. Hudu kaɗai ke tsaye bai motsa ba, yana cin ƙosai.

Da aka kama dabbobi ƙura ta lafa, Bature ya cire tabarau ya goge. Ya buɗe baki, sai ga Hausa tsaf, ta ɗan karkace kaɗan. “Mai unguwa, sannu da zuwa. Mene ne wannan?”

Mai unguwa ya juya a hankali ya dubi Sodangi. “Yana jin Hausa?”

“Kaɗan-kaɗan,” in ji Sodangi daga ƙasa. “A wurinmu suka koya.”

Mai unguwa ya kwashe labari duka ya faɗa, tun daga rumfa har kanwa, ya miƙa takardar. Malam Dalhatu ya karanta jan layin, ya karanta na Sodangi, ya kifa kai a kan tebur, kafaɗunsa na rawa. Da ƙyar ya ɗago yana share hawaye.

“Wa ya fassara muku?”

Hannaye suka nuna.

Sodangi ya miƙe yana kakkaɓe dusa, ya zaro littafinsa. “Malam, kada a yi mini haka gaban jama’a. Ga shi a rubuce. Wannan ba ƙashi ba ne?”

“Ƙashi ne.”

“Wannan ba nama ba ne?”

“Nama ne.”

“To ina laifina?”

“Laifinka ba ka tambayi ƙashin wa ba. Takardarka ce ƙasusuwan, ba mutane ba. Haka Turawa ke faɗa in an kawo musu magana a taƙaice, ba bayani. In rahoto ne, ko labari, ko wani shiri da aka zana shi sama-sama, sai su ce ƙashi ne kawai, a sa masa nama. Wato a ƙara bayani: su wa, su nawa, ina, yaushe, don me. Da ya ga an rubuto da Turanci, ya ɗauka mai rubutun zai gane.”

“To me ya hana shi ya ce a ƙara bayani? Sai ya kawo zancen mahauta?”

“Kai in an ce wane ya ƙara wa labari gishiri, kantun gishiri kake zuwa nema a bakinsa?”

Wani daga cikin taro ya ce, “Wanga zai je!”

Malam Dalhatu ya ci gaba. “Sai dai akwai bambanci. Gishiri ƙari ne a kan gaskiya. Nama kuwa gaskiyar ce da kanta, a faɗe ta a cike. In ka koma gida ka ce, na je Kurfi na dawo, wannan ƙashi ne. In ka ce, na je Kurfi da buhun dusa uku a jikina, rago ya zagaya ɗorawa da ni sau uku, a na huɗu ya...”

“Ya isa, Malam. Na gane tun ɗazu.”

Gwaggo Kande ta ratso taro ta sauke tulunta a gaban tebur. “Ɗana, in bayani yake so, ɗauki alƙalaminka.”

Ta fara. Gida talatin da bakwai ne a unguwar. Rijiyarsu takan ƙafe tun sanyi bai gama fita ba, ba ta sake kawowa sai ruwa ya zauna. Mace in ta fita da hantsi, sai rana ta take tsaka take dawowa da tulu ɗaya, a cikinsa za a sha, a yi girki, a yi alwala. Bara mutum goma sha tara kurkunu ya kwantar daidai lokacin noma, gonaki shida ba a nome su ba. Ta faɗi sunan matar da ta haihu a hanyar rafi, da wadda ramin yashi ya rufta da ita har ta karye a ƙugu. Ta faɗi inda tsofaffi suka ce akwai ruwa kusa, gindin wasu bishiyoyin faru da ba sa kaɗe ganye. Ta ɗage zane kaɗan ta nuna tabon da ke idon sawunta. Sannan ta tsiyaya ruwan tulun a murfi ta ajiye a gaban Bature.

“Wannan muke sha. In yana son ƙarin bayani, ya kurɓa.”

Dariya ta ɗauke a kasuwar. Malam Dalhatu ya cika shafi biyu ya shiga na uku. Bature ya daɗe yana kallon ruwan. Ya yi wa Gwaggo tambaya uku a kan bishiyoyin nan, ta amsa. Ya ɗauki jan alƙalaminsa ya sa hannu a ƙasan takardar, ya ce wa mai unguwa in an gama girbi ma’aikata za su zo, kuma Unguwar Dargaza ce ta biyu a layi. Haka kuwa aka yi, don rijiyar da aka haƙa a gindin farun nan ba ta taɓa ƙafewa ba.

Mata suka rangaɗa guɗa. Sodangi da ya ji guɗa sai ƙarfinsa ya dawo. Ya gyara abin da ya rage na kwat, ya matso kusa da tebur.

“Ranka shi daɗe, ai duk da gangan na shirya. Na san in muka zo haka kawai, cikin ƙauyuka da yawa ba za ka tuna da mu ba. Yanzu fa, za ka manta da Unguwar Dargaza?”

Bature ya dube shi, fari fat da dusa, harawa a kunne. Dariyar da ya daɗe yana riƙewa ta ƙwace. Ya nuna shi da alƙalami, ya faɗi wata ’yar magana da Turanci, irin wadda Turawa ke yi wa wanda suke jin yana zolayarsu.

Idon Sodangi ya yi haske. Wannan karon kalmomin duka ya san su.

“Jama’a, kun ji! Ya ce a ja masa ƙafa! Zaman kujera ne, jijiya ta riƙe shi. Ku ba ni wuri.”

Ya naɗe hannun kwat, ya tofa yawu a tafi, ya sunkuya ya nufi ƙafar Bature. Malam Dalhatu ya yi tsalle yana cewa, “A’a! A’a! Ba haka ba ne!” Bature ya janye ƙafafunsa ƙarƙashin kujera.

Mai unguwa Alu, wanda tun da aka naɗa shi ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya daka tsawa: “Hudu! Zauna masa!”

Hudu ya haɗiye ƙosansa, ya taka biyu, ya zauna. Kiwon kwana goma sha biyar ya sauka a gadon bayan Sodangi gaba ɗaya, sauran dusar ta fita ta ko’ina.

“Ranka shi daɗe,” in ji mai unguwa ga Bature, “ko da gaske ƙafar ke ciwo, ka yi haƙuri ka kai ta Dutsin-Ma.”

Daga ƙarƙashin Hudu wata ’yar murya ta fito. “Ku dai shaida... baƙo ya nemi taimako... kun hana.”

Hudu bai tashi ba sai da Bature ya tafi, ƙarar motarsa ta ɓace.